Dodon Koɗin da Ke Sanye da Sulken Ƙarfe

A shekarar 2001 masu binciken ƙarƙashin teku suka ɗauko wani ɗan dodon koɗi daga Kairei, a Tekun Indiya, inda ruwan zafi ke tuttuɗowa daga ƙasa a zurfin da ya haura mita 2,400. Girmansa bai kai ƙwan kaza ba. Katantanwarsa baƙa ƙirin, naman da yake jan ciki da shi kuma lulluɓe da ɗaruruwan ɓawo, wani kan wani kamar sulken mayaƙan dā. Da aka kara masa mayen ƙarfe, sai ya manne.

Ƙarfe a jikin mai rai? Da aka yanka katantanwar, hawa uku aka tarar: na ciki irin na kowane dodon koɗi, na tsakiya mai taushi, na waje kuwa haɗin ƙarfe da farar wuta. Amsa ta zo da sauƙi: garkuwa ce, don akwai wasu dodannin koɗi masu farauta a unguwar.

Bayanin ya zauna daram har 2009, lokacin da aka gano 'yan'uwansa a Solitaire, kusa da tsibirin Mauritius. Jinsi ɗaya, amma ɓawonsu fari fat, babu ƙarfen. Abin haushi ga masu batun garkuwa, da aka gwada lanƙwasawa, farin ya fi baƙin juriya.

Sai hankali ya koma cikin cikinsa. Hanji ɗan tsurut, zuciya kuwa ƙatuwa, kusan kashi 4 cikin 100 na jikinsa. A maƙogwaronsa akwai wata jaka cike da bakteriya. Ashe kiwo yake yi: jininsa na kai musu iskar shaƙa da sinadarin farar wuta, su kuma su haɗa masa abinci.

Nan bakin zaren yake. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna dabbar na turo farar wuta ta wasu ƙananan hanyoyi cikin ɓawon, ta haɗu da ƙarfen da ke narke a ruwa. Ruwan Kairei na da ƙarfe jingim, na Solitaire kuwa kaɗan ne. Saboda haka masanan suka fi karkata ga cewa shara yake zubarwa, ita ce ta daskare ta zama sulke.

A shekarar ce kuma ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa wannan dodon koɗi, mai suna Chrysomallon squamiferum a kimiyyance, a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, na farko da barazanar haƙar ma'adinai a ƙarƙashin teku ta kai shi jerin.