Auna Labari a Wasannin Shiga-Riga na Intanet: Misali Daga World of Warcraft

Manazarta adabi sun saba, idan za su feɗe ƙagaggen labari, su dubi jigonsa, da zubinsa da tsarinsa, da salon sarrafa harshe, da kuma yadda marubuci ya gina taurarinsa. Waɗannan ma'aunai sun wadatar ga littafi da wasan kwaikwayo, domin a can mai karatu ko mai kallo yana gefe ne, labari yana tafiya ko ya so ko ya ƙi. Amma akwai wani nau'in labari wanda mai sauraronsa shi ne kuma tauraronsa, wato labarin da ake sakawa cikin wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet. A irin wannan wasa mutum yakan ƙirƙiri tauraro, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa jinsi da sana'a, ko mayaƙi ko matsafi ko mai magani, sa'an nan ya shiga rigarsa ya yi ta yawo da shi a wata duniya ta almara mai cike da dodanni da tsafi. Saboda haka aka kira su wasannin shiga-riga a wannan maƙala.

Asalinsu ba a kwamfuta yake ba. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a zaune kewaye da tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da taurarinsu za su yi. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta MUD, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. Wannan rubutu ne zalla, babu hoto. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest a 1999, sa'an nan kamfanin Blizzard ya fitar da World of Warcraft a watan Nuwamba na 2004. A 2010 masu biyan kuɗin shigarsa sun kai miliyan 12, shi ya sa ya fi dacewa a yi misali da shi.

Tsakanin tebur da intanet an yi asarar abu guda mai girma. Mai ba da labari a tebur yana da masu sauraro huɗu ko biyar, in ɗayansu ya kashe sarki, sarki ya mutu ke nan, labari ya karkata. A intanet kuwa dubban mutane ne a duniya ɗaya, kowanensu an gaya masa shi ne gwarzon da ake jira. Dodon da wani ya kashe da hantsi dole ya tashi bayan 'yan mintoci domin na bayansa ya samu abin kashewa. Daga nan duk wahalar marubutan waɗannan wasanni ta taso, kuma daga nan ya kamata a ɗauko ma'auninsu: shin abin da mai wasa ya aikata yana barin sawu, a duniyar wasan ko a zuciyarsa?

Zaɓin ɓangare

Zaɓi mafi nauyi a World of Warcraft shi ne na farko. Duniyar wasan, wadda ake kira Azeroth, ta rabu gida biyu masu gaba da juna. Ɓangaren Alliance ya haɗa 'yan Adam, da gajerun mutanen duwatsu, da wani jinsi mai dogayen kunnuwa mazauna kurmi da ake ce wa elf. Ɓangaren Horde kuwa ya haɗa korayen ƙatti da ake kira orc, da mutane masu kan sa, da matattun da suka tashi suka ƙwaci kansu daga wanda ya tashe su. Jinsin da mutum ya ɗauka shi ke yanke masa ɓangare, ɓangare kuma ya yanke masa biranen da zai shiga lafiya da abokan da zai yi tafiya da su.

Abin da zai fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne yadda aka gina katangar da harshe. Idan ɗan Horde ya rubuta magana a fili, ɗan Alliance da ke tsaye kusa da shi ba zai ga abin da aka rubuta ba, sai wasu gaɓoɓi marasa ma'ana da na'ura ta musanya masa. 'Yar kalmar nan ta dariya a rubutun Ingilishi, “lol”, takan fito wa ɗan Alliance a matsayin “kek”, har wannan ta fita daga wasan ta shiga bakin matasan intanet. Babu wani dogon tarihin yaƙi da aka rubuta wanda ya dasa gaba a zukatan masu wasa kamar wannan dabara. Mutumin da ba a jin maganarsa, kuma ana iya kai masa hari, da wuya a ɗauke shi ɗan'uwa. Ta wannan fuska zaɓin ya cika ma'auni sosai, domin ya bar sawu na shekara da shekaru.

Aibinsa shi ne lokacin da ake yin sa. Ana tambayar mutum ɓangarensa tun bai taka ƙasar wasan ba, bai san wanda ya zalunci wani ba. Saboda haka da yawa sukan bi inda abokansu suke ne, ko su ɗauki surar da ta burge su. Wannan ya fi kama da haihuwa a cikin dangi fiye da yanke shawara. Marubutan sun gyara wannan sau ɗaya a 2012, da suka kawo jinsin pandaren, wanda ke fara wasa ba ya kowane ɓangare, sai ya gama zama da wakilan gidajen biyu a tsibirinsa sa'an nan a ce ya zaɓa.

Ƙananan ɓangarori kuma wata cuta ce ta same su. A 2007 an kawo birnin Shattrath mai ƙungiyoyi biyu, Aldor da Scryers, wanda duk ya kusanci ɗaya ya nisanci ɗayar. A 2020 aka sake kawo ƙungiyoyi huɗu na lahira, kowace da aƙidarta game da makomar rayukan matattu. Amma da yake kowace ƙungiya tana ba da wani ƙarfin yaƙi na daban, sai masu wasa suka ajiye aƙida gefe, suka koma lissafin wadda ta fi riba ga sana'ar tauraronsu. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya sassauta sharuɗɗan sauya ƙungiya a Nuwamba 2021. In aka haɗa tambayar ɗabi'a da tukuici a faifai ɗaya, tukuici ne ke amsawa. Ita ma babbar katangar ta fara zubewa: daga 2022 an bar 'yan ɓangarorin biyu su haɗu su shiga kogunan dodanni tare, a 2023 kuma aka bar su su kafa ƙungiya ɗaya.

Aike

Ƙashin bayan wasan shi ne aike. Mai wasa yakan tarar da wani mutumin na'ura da alamar motsin rai a bisa kansa, ya ba shi aiki, ya je ya yi, ya dawo ya karɓi lada. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san tatsuniya. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, yadda aka fi ba da ita, an aiki 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa, ta wuce abubuwan gwaji a hanya ba ta yi kwaɗayi ba, ta ladabta ga masu masaukinta, da aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanyar nan ɗaya da rashin kunya, ta ɗauki babba, ta komo da masifa. Aiken ɗaya ne, amma halin ɗan aike shi ya raba sakamako. A mafi yawan aiken World of Warcraft babu wannan: mai ladabi da marar kunya lada ɗaya suke karɓa, muddin sun cika adadi.

Adadin nan shi ne abin da aka fi yi wa dariya. A wani fili da ake kira Barrens akwai aiken kawo kofato 4 na wata dabba mai kama da jakin dawa, amma sai mutum ya kashe dabba bayan dabba bai samu kofato ko ɗaya ba, kamar dai a kan iska suke tafiya. An yi haka ne don a tsawaita wasa, ba don labari ba. Jeff Kaplan, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara aiken wasan tun farko, ya fito a taron masu ƙera wasanni na 2009 ya kushe wani aike nasa da kansa, wanda ake tattara shafuka 15 na wani littafi da suka warwatse a kurmin Stranglethorn, suna cika wa mutum jaka ba gaira ba dalili.

A filin nan na Barrens kuma akwai aiken da ya fi su duka shahara. Wani orc mai suna Mankrik ya roƙi a nemo masa matarsa da ta ɓata a fagen yaƙi. A lokacin taswirar wasan ba ta nuna inda abin nema yake, sai a ƙarshen 2009 aka kawo wannan sauƙi. Don haka mutane suka yi ta bulayi suna tambayar juna inda matar Mankrik take, har tambayar ta zama karin zance a tsakaninsu. Wanda ya same ta kuwa gawa yake tararwa, ya koma ya kai wa mijin labari. Rubutun aiken bai wuce 'yan layuka ba. Wahalar neman ita ce ta ba shi nauyi, domin mai wasa ya ɗanɗani abin da mai cigiya ke ji. Da taswira ta fara nuna hanya, masu karanta bayanin aike suka ƙara raguwa.

Ƙona Teldrassil

A 2018 an yi abin da ya gwada ma'aunin ta fuskoki biyu a lokaci ɗaya. Shugabar Horde ta lokacin, Sylvanas Windrunner, ta ba da umarnin a ƙona Teldrassil, wata gawurtacciyar bishiya wadda birnin elf, Darnassus, yake a bisanta. Ɗan Alliance aka ba shi aiken kwashe mazauna birnin 982 cikin minti 3. Ba mai iyawa, kuma da gangan aka yi haka. Mutum yana gudu cikin hayaƙi, lokaci yana ƙarewa, adadin waɗanda ya ceto bai taka kara ya karya ba, daga nan sai tauraronsa ya suma. Shekara goma sha huɗu wasan yana koya wa mutane cewa duk adadin da aka ba su za su cika shi, ranar nan aka juya musu wannan sabo ya zama makamin ban tausayi. Littafi ba zai iya wannan ba, sinima ma haka. Wannan shi ne aike mafi kyau da ake iya nunawa ga mai shakkar cewa wasa na iya ba da labari da harshen kansa.

Ɗan Horde kuwa an sa shi ya yi yaƙin da ya kai ga ƙonawar ba tare da an tambaye shi ba. Da yawa suka fusata, domin an shafa wa tauraron da suka raina shekaru laifin da ba su yarda da shi ba. A ƙarshen shekarar aka ba su zaɓi: ko su bi tsohon mayaƙi Varok Saurfang da ya yi wa Sylvanas tawaye, ko su tsaya mata. Sai dai da labarin ya kai ƙarshe a Satumba 2019, Saurfang ya mutu a ƙofar birnin Orgrimmar, Sylvanas ta yi watsi da Horde ta tafi, ko wane gefe mutum ya bi. Wanda ya tsaya mata ya samu wata 'yar ganawa da ita a keɓe, shi ke nan bambancin. Ba ƙeta ce ta sa aka yi haka ba. Masu tawaye da masu biyayya duk washegari a birni ɗaya za su kwana, ba yadda za a yi a naɗa musu shugabanni biyu.

Akwai dabarar da aka shigo da ita sosai tun 2008 don rage wannan matsala, wato a riƙa nuna wa kowa wuri gwargwadon inda ya kai a labari, ta yadda wanda ya gama aike zai ga ƙauye a ƙone, wanda bai fara ba ya gan shi a tsaye. Ta ba da sawu, amma ta raba abokai, domin mutum biyu za su tsaya a wuri ɗaya ba sa ganin juna.

Inda sawun ya tabbata ga kowa da kowa shi ne inda aka yarda abu ya auku sau ɗaya tak. A farkon 2006 an rufe ƙofofin wani tsohon birni mai suna Ahn'Qiraj, aka ce ba za su buɗe ba sai 'yan ɓangarorin biyu sun tara kayan yaƙi masu ɗimbin yawa, na ƙarfe da fata da abinci da ƙyallen ɗaure rauni, sa'an nan wani ya kammala wani dogon aike ya samo sandar da za a bugi ƙararrawar ƙofar da ita. An yi makonni ana tarawa. Ranar buɗewa jama'a suka yi cincirindo a hamadar Silithus har na'urorin kamfanin suka riƙa sarewa, kuma wanda bai halarta ba ya rasa ke nan a wannan zagaye. Wani wasan na Japan, Final Fantasy XIV, ya wuce nan. Ya fito a 2010 bai karɓu ba, sai sabon shugaban aikin, Naoki Yoshida, ya yanke shawarar a rushe shi a sake gini, kuma aka saka rushewar cikin labari. Watanni masu wasa suna kallon wani jan wata mai suna Dalamud yana ƙara girma a samaniya yana kusanto ƙasa. A Nuwamba 2012 ya fashe, aka kashe na'urorin wasan a kan idon waɗanda ke ciki, sa'an nan aka sake fitar da wasan a Agusta 2013, da sabuwar taswira, da mutanen na'ura masu ba da labarin masifar da ta auka musu shekara biyar da suka wuce.