Magen Maƙwabta Na Tone Miki Lambu? Kada Ki Nemi Guba

Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu na magani tana tambayar shinkafar ɓera. Na ce ba ma sayarwa, amma ɓeraye ne suka dame ta? Ta ce a'a, magen maƙwabta ce ta mayar mata da ɗan lambun salak da alayyahu masai. Kullum da safe sai ta tarar an tone shuka, ga kashi a binne. Da na lura tana da juna biyu, sai na ce, "Hajiya, zauna mu yi magana."

Damuwarta tana kan hanya. Kashin mage yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma. Mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ta shige shi, amma idan mace ta fara kamuwa da ita tana da ciki, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Akwai kuma tsutsar da kan shiga fatar yaran da ke yawo ba takalmi, ta bar zane mai ƙaiƙayi.

Sai dai guba garin gyaran gira ne a rasa ido. Abincin da aka barbaɗa wa shinkafar ɓera ko fiya-fiya, kaza na iya ci, yaro mai rarrafe na iya kai wa baki. Kafur ɗin da wasu ke watsawa a lambu shi ma guba ne: yana fasa ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, har ya jawo wa jarirai shawara mai tsanani. Ga kuma rigima da maƙwabci idan magensa ta mutu.

Mage ƙasa mai laushi, busasshiya take nema. Ki hana ta wannan, za ta sauya wuri:

Ki shimfiɗa ragar kaji a kan ƙasar, shuka za ta fito ta cikin ramukan. In babu, ki jera rassan ƙaya ko tsakuwa tsakanin shukoki, amma ban da ƙaya inda yara ke wasa.

Ki yi ban ruwa da yamma, domin mage ba ta son tona jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ki watsa ɓawon lemo. Ba ta son ƙamshinsa, sai dai a riƙa sabuntawa bayan kwana biyu ko uku.

Ki rufe kwandon shara, a daina zubar da ƙayar kifi a tsakar gida, a lulluɓe tarin yashi da buhu.

A kwashe kashin kullum. Ƙwayar cutar ba ta iya kama mutum sai ta kwana 1 zuwa 5 a waje, amma daga nan takan yi watanni a ƙasa mai danshi. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. In ya zama dole, ta sa safar hannu ta wanke hannu da sabulu. Salak da karas kuwa a wanke su sosai kafin a ci.

Hajiyar ta fita ba gubar, ta ce kasuwa ta nufa neman ragar kaji. Na roƙe ta ta biya gidan maƙwabciyar tata su yi maganar cikin lumana, wataƙila ta tanadar wa magen tiren yashi a gida.