Asarar da ake lissafawa cikin dukiya

A ranar 2 ga Nuwamban 2018, ministan kuɗin Malesiya na lokacin, Lim Guan Eng, ya gabatar da kasafin kuɗin 2019 a zauren majalisar dokoki da ke Kuala Lumpur. Cikin sauye-sauyen da kasafin ya zo da su akwai wanda bai ɗauki hankalin mutumin kan titi ba, amma ya tayar wa akantocin manyan kamfanoni da hankali. Kamfanin da ya tafka asara ba zai ci gaba da riƙe ta yana rage haraji da ita sai illa masha Allahu ba. An yanka masa shekara bakwai, in bai cinye ta a ciki ba, ta bi ruwa. Kafin nan dokar harajin kuɗin shiga ta 1967 ba ta sa wa'adi ba. A ganina sa wa'adin daidai ne, kuma babban amfaninsa ba a baitulmali yake ba, yana cikin gaskiyar da ya tilasta wa littattafan kamfanoni su faɗa.

Ga yadda abin yake. Harajin kamfani a Malesiya kashi 24 ne cikin ɗari na riba. A ƙaddara wani kamfani ya yi asarar ringit miliyan 100 a bana. Ba zai biya haraji ba, ita ma hukumar tara haraji, LHDN, ba za ta ba shi ko sisi ba. Abin da doka ta ba shi dama ce kawai: ranar da ya ci riba, zai fara cire wannan miliyan 100 kafin a yanka masa haraji. Ke nan asarar yau za ta iya tsirar masa da miliyan 24 gobe. Ƙa'idar lissafin da kamfanonin kasuwar hannun jari ta Bursa Malaysia ke bi, MFRS 112, wadda daidai take da IAS 12 ta duniya, ta yarda a rubuta wannan miliyan 24 a jerin kadarori, shafi ɗaya da gine-gine da injuna da kuɗin banki. Ita ake kira kadarar harajin da aka jinkirta. Da an rubuta ta, asarar da masu hannun jari za su gani a rahoton shekara ta sauko daga miliyan 100 zuwa 76, alhali ba a sayar da komai ba, ba wanda ya biya komai.

Ƙa'idar ta gindaya sharaɗi. Ba a rubuta kadarar sai an fi kyautata zaton ribar da za a cire asarar daga cikinta tana tafe, kuma kamfanin da ya jera shekaru yana faɗuwa sai ya kawo hujja mai gamsarwa. To amma wa ke hasashen ribar? Daraktocin kamfanin ne, mutanen da suka fi kowa son a ga littafi ya yi kyau. Muddin babu wa'adi, musu da su wahala ne, domin duk wanda ya ce zai ci riba "nan gaba" bai yi ƙarya ba tukuna, mai binciken kuɗi kuwa ba shi da ranar da zai kama shi da ita. Cinikin biri a sama ke nan. Wa'adi ya sauko da birin ƙasa. Yanzu wanda ya buɗe rahoton shekara na kamfanin Malesiya, ya wuce hoton shugaba da jawabinsa, ya gangara can baya inda ake bayani da ƙananan haruffa, zai iya tarar da ɗan jadawali: asara kaza za ta mutu a shekara kaza, kaza kuma a shekara kaza. Kusa da shi akwai adadin asarar da kamfanin bai rubuta wa kadara ba. Wannan adadi ikirari ne daga bakin kamfanin cewa shi kansa bai sa ran ribar da za ta cinye ta ba.

Masu suka na cewa wa'adi zalunci ne ga sana'ar da ribarta ke da nisa, kuma annobar korona ta ba su hujja. Rukunin AirAsia ya yi asarar sama da ringit biliyan 5 a 2020 saboda jiragensa na ajiye a ƙasa, ba don sakacin akanta ba. Wannan magana tana da ƙarfi, gwamnati ma ta ji ta. A kasafin 2022, wanda ministan kuɗi na lokacin, Tengku Zafrul Aziz, ya gabatar a Oktoban 2021, an mayar da wa'adin shekara goma. Ban da haka, rangwamen da ake bayarwa kan kuɗin sayen injuna da jirage ba ya cikin wa'adin, ana iya ɗaukarsa gaba ba iyaka. Saboda haka wanda ya zuba jari mai nauyi yana da inuwa. Abin da hujjarsu ta tabbatar shi ne bakwai ta yi kaɗan, ba wai kada a ƙidaya shekaru sam ba.

Wasu kuma na cewa ai duk rubutu ne a takarda, tunda ba kuɗi ke fita ba. Amma da takardar ake auna kamfani. Bursa na jefa kamfani a rukunin masu matsalar kuɗi, PN17, idan jarin masu hannun jari ya faɗi zuwa kashi 25 cikin ɗari na jarin da aka zuba ko ƙasa da haka, kuma bai kai ringit miliyan 40 ba. Kamfanin da ke bakin wannan rami, goge kadarar haraji kaɗai na iya tura shi ciki. Masu kula da bankuna sun daɗe da gane haka, shi ya sa ƙa'idojin Basel III ke cire irin wannan kadara daga ainihin jarin banki, domin ranar da aka fi buƙatarta, ranar faɗuwa, ita ce ranar da ba ta da daraja. Alƙalamin gwamnati ma na iya zaftare ta dare ɗaya. Da Amurka ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 a ƙarshen 2017, bankin Citigroup ya rubuta asarar kimanin dala biliyan 22, mafi yawanta daga raguwar darajar wannan kadara.

Najeriya ta bi hanyar da Malesiya ta baro, ta cire wa'adin shekara huɗu da take da shi a gyaran dokar 2007, kuma bankunanta da dama sun tara irin wannan kadara a shekarun da aka yafe haraji kan ribar takardun lamunin gwamnati. Mai hannun jari a Kano da ke duba rahoton bankinsa ba shi da jadawalin shekarun da zai riƙe daraktoci da shi. Takwaransa na Kuala Lumpur yana da shi, kuma ranar farko ta kusa: duk asarar da aka tara har zuwa shekarar haraji ta 2018, wa'adinta zai cika a 2028.