Tsarin abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo

Tsarin abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo, wanda ake taƙaita sunansa da LCHF, hanya ce ta cin abinci da ake rage hatsi, doya, dankali, burodi da sukari sosai, a cike gurbinsu da nama, kifi, ƙwai, mai, gyaɗa da ganye. Galibi ana kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan sitaci da sukarin da mutum ke ci a yini ba su kai giram 130 ba. Nau'in da ya fi tsauri, wato keto, yana saukar da su ƙasa da giram 50, adadin da babbar malmala ɗaya ta tuwon masara kan iya wucewa. Mutane na bin tsarin don rage ƙiba ko daidaita sukarin jini. Babbar muhawarar likitoci a kansa ita ce abin da yake yi wa kolesterol.

Tarihi

A shekarar 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana bayanin yadda ya rage ƙiba ta hanyar barin burodi, sukari da dankali. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abincin keto don masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani bai tsayar musu da ciwon ba. Robert Atkins ne ya yayata tsarin ga masu son rage ƙiba da littafinsa na 1972. Sunan LCHF ya bazu ne daga Suwidin, inda a 2008 hukumar lafiyar ƙasar ta wanke likita Annika Dahlqvist daga zargin cewa shawarar da take ba masu ƙiba da ciwon suga ta saɓa wa ilimin likitanci. A Afirka ta Kudu ma an gurfanar da Farfesa Tim Noakes gaban hukumar kula da ma'aikatan lafiya kan irin wannan shawara, aka wanke shi a 2017.

Kolesterol da yadda yake tafiya a jini

Kolesterol wani sinadari ne mai kama da kakin zuma da jiki ke buƙata wajen gina ƙwayoyin halitta, sinadaran jinsi da ruwan matsarmama. Mafi yawansa jiki ne ke haɗa shi da kansa, musamman a hanta, abinci kuwa kaɗan yake kawowa. Da yake ba ya narkewa a jini, sai wasu ƙwayoyi ke ɗaukarsa. LDL ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa shekara da shekaru yana maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, su ƙuntata, abin da ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. HDL kuma yana kwaso shi ya mayar hanta. Abu na uku da ake aunawa shi ne tiragilisarid, wato ainihin kitsen da ke yawo a jini.

Hanta na da wasu ƙofofi da ke kama LDL su fitar da shi daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano su, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1985. Maiƙo mai daskarewa, irin wanda ke sandarewa a kwalba lokacin hunturu kamar man shanu, manja da kitsen nama, yana rage yawan waɗannan ƙofofi, LDL ya taru. Maiƙon da ke zama ruwa, kamar man gyaɗa, man waken suya, man riɗi da man zaitun, ba ya yin haka.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Abubuwa biyu sun fi fitowa a kusan kowane gwaji: tiragilisarid na sauka, HDL na ɗan hawa. Dalili shi ne idan sitaci ya ragu insulin na raguwa, hanta ta rage kitsen da take turawa cikin jini. Masu ciwon suga nau'i na biyu kuma kan ga saukin sukarinsu, musamman a watannin farko.

LDL ne ba ya bin hanya ɗaya. A gwajin da Jami'ar Stanford ta buga a 2018, mutum 609 masu ƙiba sun shekara guda, rabi suna rage sitaci, rabi suna rage maiƙo. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, sauran kimanin kilo 5, bambancin da bai taka kara ya karya ba, kuma LDL na masu rage sitaci ya ɗan ƙaru ne kawai. Amma a 2021 masu bincike a Jami'ar Umea ta Suwidin sun ba 'yan mata 17 masu lafiya, marasa ƙiba, abincin keto mai yawan maiƙo mai daskarewa na mako huɗu. LDL na kowacce a cikinsu ya hau, da matsakaicin milimol 1.8 a kowace lita, wato kusan miligiram 70 a ma'aunin da asibitoci da yawa ke amfani da shi. Wani nazari na 2024 da ya tattara gwaje-gwaje 41 ya nuna cewa hawan LDL ya fi tsanani ga marasa ƙiba, ga masu ƙiba sosai kuwa yakan tsaya yadda yake ko ma ya ɗan sauka.

Ke nan wanda ya fi buƙatar tsarin shi ne ya fi samun sauƙi a wajen LDL, siririn mutum da ya shiga don ganin wasu sun shiga shi ya fi fuskantar hawansa. Akwai masu goyon bayan tsarin da ke cewa hawan LDL ba abin tsoro ba ne muddin HDL na sama kuma tiragilisarid na ƙasa. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka ba su yarda ba, domin shaidar gado da ta gwajin magunguna sun nuna cewa LDL da kansa yana haddasa toshewar jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2023, ta ce kada maiƙo mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci.

Binciken Fulani makiyaya

Misali mafi kusa a Arewacin Najeriya shi ne binciken da Robert Glew na Jami'ar New Mexico da abokan aikinsa na Jos suka buga a 2001 kan Fulani makiyaya, maza da mata fiye da ɗari, a tsaunukan Filato. Sun gano kusan rabin kuzarin da waɗannan makiyaya ke samu daga maiƙo yake, kuma rabin wannan maiƙon mai daskarewa ne, abin da ba mamaki ga mutanen da nono da man shanu ke cikin abincinsu na kullum. Duk da haka LDL ɗinsu yana ƙasa, sauran ma'aunan kuma daidai suke.

Masu tallata LCHF kan kafa hujja da wannan bincike, tare da na George Mann kan Masai na Gabashin Afirka a shekarun 1960. Sai dai masu binciken da kansu sun danganta sakamakon da abubuwa biyu. Na farko, abincin gaba ɗaya kaɗan ne: maza ba sa kai kalori 1,700 a yini, mata kuma kimanin 1,500. Na biyu, mutane ne masu yini a ƙafa suna bin shanu, ɗebo ruwa da tallar nono. Ƙari a kan haka ba su bar hatsi ba, don haka abincinsu ba keto ba ne. Ma'aikacin da ke yini a kujera ba zai ari man shanun makiyayi ya bar tafiyarsa ba, sannan ya sa ran sakamako iri ɗaya.

A ƙasar Hausa

A kudancin jihar Katsina, yankin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, masara da dawa ne ginshiƙin noma, kuma su ne ginshiƙin tukunya. Koko ko kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare, duk sitaci ne. Barin su yana nufin sayen nama, ƙwai da kifi kullum, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje, ga kuma wuyar ware wa mutum ɗaya tukunyarsa a gidan da ake ci tare. Shi ya sa abin da aka fi gani shi ne ragewa: mai ciwon suga ya rage malmala, ya ƙara miya, wake da kwaɗon zogale ko rama.

A nan zaɓin mai ne ke da tasiri a kan kolesterol. Kusan rabin manja maiƙo ne mai daskarewa, man shanu ya haura kashi 60 cikin ɗari, man kwakwa ya fi kashi 80, man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Mutum biyu na iya rage tuwo daidai wa daida, ɗaya ya cike da kitsen balangu, ƙwaƙwalwa da man shanu, ɗayan ya cike da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, awara da kifi. Sunan tsarinsu ɗaya ne, amma gwajin jininsu na iya bambanta ƙwarai. Wake da kuɓewa suna da nau'in harza mai kama ruwan matsarmama a hanji, wanda ke taimakawa wajen saukar da LDL, sai dai mai bin keto mai tsauri kan bar wake saboda sitacinsa, ya rasa wannan amfani.

Gwaji da waɗanda tsarin ke wa haɗari

Yawan kolesterol ba ya ciwo kuma ba ya nuna alama, sai gwajin jini, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Ana so LDL ya kasance ƙasa da miligiram 100 a kowace desilita, 190 zuwa sama kuma ana ɗaukarsa mai tsanani. Likitoci kan so a auna kafin fara tsarin, a sake bayan wata biyu ko uku.

Kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 a duniya na da yawan kolesterol na gado, kuma da yawansu ba su sani ba. Irin waɗannan, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, yawan maiƙo mai daskarewa na ƙara musu haɗari. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari na iya faɗuwa idan ya yanke sitaci ba a rage masa magani ba, haɗarin da ke ƙaruwa a watan azumi. Mata masu juna biyu da masu shayarwa, da masu ciwon ƙoda, hanta ko gaɓar ciki mai samar da insulin, ba a ba su shawarar bin keto sai ƙarƙashin kulawar likita.