JAMI'A A MATSAYIN UBANGIDAN MAKAƊI
Aikin Shugaban Shirin Kiɗa da Wasanni

Gabatarwa

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a garin Babura, cikin Jihar Jigawa. Tun kafin wannan lokaci akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Manyan makarantu irin waɗannan, ko da domin horar da injiniyoyi aka kafa su, ba su rasa ranar da za su nemi makaɗi: ranar yaye ɗalibai, ko makon al'adu, ko saukar wani babban baƙo. Sau da yawa akan ɗauki wannan hidima ƙaramin aiki, a danƙa wa wani malami ko jami'in mulki ana sauran mako guda. Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana cewa shirya kiɗa da wasanni a jami'a aiki ne mai ƙa'idoji, kuma tushen ƙa'idojin abu ɗaya ne. Duk jami'ar da ta gayyato makaɗi ta hau matsayin ubangidansa, kuma haƙƙoƙin da ke kan ubangida sun hau kanta. Shugaban shirin shi ne wakilin jami'a wajen sauke wannan nauyi.

Makaɗi da ubangidansa

A ƙasar Hausa kowane kiɗa yana da mai shi. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, shantu da kiɗan ƙwarya kuwa na mata ne a cikin gida. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun yi suna da kotso a fadojin ƙasar Sakkwato, Ɗan Anace kuma ya yi nasa a fagen dambe. Masana sun daɗe da lura da wannan tsari. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a 1957, sa'an nan David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda suka danganta kowane kiɗa da muhallin da ake yin sa.

A wannan tsari ubangida ne ke ɗauke da makaɗi. Shi ke ba shi riga da doki da hatsi, wani lokaci har da gida da gona. Makaɗin jama'a kuwa, irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji na Haɗeja, abincinsa yana hannun masu biki da 'yan kallo. Yakan ambaci mutum, mutumin ya taso ya yi kari, sanƙira ya shelanta abin da aka bayar, wani ya ji ƙaimi ya taso shi ma. Ba a yanke wa waƙa lokaci, tsawonta yana bin yawan masu kyauta.

To, idan aka ɗauko wannan makaɗi aka kai shi zauren jami'a, abubuwa uku suna sauyawa nan take. An zaunar da jama'a a kan kujeru a jere, babu mai tasowa. An ce masa minti 20 ne nasa. Kuma galibin waɗanda ke gabansa ɗalibai ne marasa abin kari. Watau an raba shi da hanyar samunsa, ba tare da an faɗa masa ba. Daga nan ne aikin shugaban shiri ya samo asali.

Abin da aka gwada a wasu jami'o'i

Jami'o'in Afirka ta Yamma sun ci karo da wannan matsala tun farkon shekarun 1960. A Jami'ar Gana da ke Legon, J. H. Kwabena Nketia da Albert Mawere Opoku sun kafa ƙungiyar raye-raye a 1962 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka, suka ɗauki gwanayen makaɗan gargajiya aiki da albashi. A Jami'ar Ibadan, makarantar koyon wasan kwaikwayo ta gayyato Kola Ogunmola, shahararren ɗan wasan Yarabawa mai yawo gari-gari, ya zauna a jami'ar na wasu watanni da tallafin Gidauniyar Rockefeller, kuma daga wannan zama aka fito da wasan da aka gina a kan littafin Amos Tutuola a 1963. A duka wuraren biyu an gane cewa gayyatar dare ɗaya ba ta isa ba, sai an ɗauki nauyin mai fasaha na wani tsawon lokaci.

Misalin da ya fi kusa da Babura shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. A shekarun 1970 Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta wannan jami'a tana da ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasa ta kanta. Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ya yi aiki da cibiyar, shi da Umaru Ladan suka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗin labarin a 1976, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977.

A 1975 ne kuma aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Zariya a ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton. Abin lura a nan shi ne irin ɗakin wasan da aka gina. Steven Ehrlich, wani masanin zanen gine-gine ɗan Amurka da ke koyarwa a jami'ar, ya tsara shi da jar ƙasa, magina na gargajiya suka gina. An kewaye fili da ɗakuna masu rufin ciyawa, kamar tsakar gidan Bahaushe, ta yadda 'yan wasa za su iya tsayawa a tsakiya jama'a su kewaye su. Daga baya malamai da ɗalibai, cikinsu har da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fitar da wasan daga harabar jami'a zuwa ƙauyuka. An yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka biyo da irinsa a Maska da Bomo, inda manoma suka riƙa shiga cikin wasan suna faɗin matsalolinsu na taki da gona da bakinsu.

Ta fuskar daraja mai fasaha ma jami'o'in Arewa sun taka rawa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na Dakta. Wannan ya nuna wa jama'a cewa abin da ke bakin makaɗi ilimi ne da jami'a ta yarda da shi.

Ayyukan shugaban shiri

Aiki na farko shi ne tsara shekara. Shugaban yana aiki da kalanda uku a lokaci ɗaya. Akwai ta jami'a, mai zangon karatu da jarrabawa da hutu. Akwai ta Musulunci, wadda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka watan azumi da salloli biyu ba su tsayawa wuri guda. Akwai kuma ta noma. A ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, daga Yuni zuwa Satumba makaɗin ƙauye manomi ne, yana gonar gero da gyaɗa. Da kaka ta yi kuma sai bukukuwa da kalankuwa da dambe su riƙe shi, kuma a nan ne yake samun kuɗin shekara. Wanda ya sa ranar wasa bai duba waɗannan uku ba, zai tarar da zaure babu 'yan kallo ko fage babu makaɗi. Haka kuma sa'ar farawa tana bin lokutan salla: ko dai tsakanin la'asar da magariba, ko bayan isha'i.

Aiki na biyu shi ne zaɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce a gayyato wanda ya yi tashe a rediyo da wayar hannu, domin shi zai cika zaure. Amma jami'a makaranta ce, kuma shirin shekara kamar manhaja yake. Ya kamata ɗalibin da ya yi shekara huɗu ko biyar ya fita ya taɓa jin gurmi da garaya da kukuma da sarewa, ya ga 'yan kama da 'yan gambara, ya ga wasan kwaikwayo rubutacce irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ya kuma saurari marubuta waƙoƙi suna rera nasu. Dabarar da ta dace ita ce a haɗa sananne da wanda ba a sani ba a dare ɗaya, jama'ar da na farko ya tara su ji na biyu. Kada kuma a manta da mata. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta nuna cewa kiɗan amada yana iya riƙe babban taro.

Aiki na uku shi ne kuɗi, kuma nan ne aka fi samun saɓani. Ofishin ma'aji yana aiki da takardar izini da sa hannu da rasit, biya yakan ɗauki makonni. Makaɗi kuwa ya saba a sallame shi a daren, domin bayansa akwai 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira da direba, kowannensu yana jiran rabonsa kafin gari ya waye. Saboda haka wajibi ne a yi jinga tun da wuri, a rubuta, a karanta masa da Hausa. A ba da kafin alƙalami, a ware kuɗin mota da masauki da abinci bisa yawan mutanensa, a kuma tanadi cikon kafin ranar wasa. Tun da an hana shi kari, ko an rage shi, dole ladan ya maye gurbin abin da zai samu a gidan biki. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa abin da ba a sa cikin kasafin shekara ba, roƙonsa ake yi. Shugaban da bai samar wa shirinsa gurbi a kasafi ba, shi ma ya zama maroƙi.

Aiki na huɗu shi ne fage. Darasin Zariya a nan yake. Dambe da kokawa da rawar 'yan mata a da'ira ake yin su, makaɗi yana zagayawa yana fuskantar wanda yake wasawa. Dandamali mai tsawo da labule yana raba shi da jama'a. Fili mai inuwa, da tabarmi da kujeru a kewaye, da wurin zaman mata daban, da lasifika mai kyau da janareto, sun fi amfani da babban zauren da aka kashe wa miliyoyi.

Aiki na biyar shi ne adanawa. Mafi yawan abin da ya rage na muryar tsofaffin makaɗa, gidajen rediyo da 'yan kaset da wasu masu bincike ne suka ɗauka. Kowane wasa ya kamata a naɗe shi, a rubuta sunan makaɗi da na mutanensa da garinsu da kayan kiɗansu da kwanan wata. Amma naɗa sai da izini. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan abin da aka naɗa daga gare shi. Ba daidai ba ne a biya mutum ladan dare ɗaya, sa'an nan a watsa waƙarsa a intanet bai sani ba.

Yabo da zambo

Akwai wata matsala da ba ta kuɗi ba ce. Sana'ar makaɗin Hausa yabo ce, kuma yabo yana tafe da habaici da zambo. Idan aka kawo shi jami'a zai nemi wanda zai wasa, kuma idonsa zai faɗa kan shugaban jami'a da manyan baƙi. Ba laifi ba ne ya gai da masu gida. Amma idan dare ya ƙare a kirarin masu mulki, ɗalibai ba su ƙaru da kome ba. Maganin wannan shi ne a zauna da makaɗi kafin ranar, a zaɓi waƙoƙi tare, a nemi ya kawo na sana'a da na tarihi da na gargaɗi, a kuma sa wani malami ya yi gajeren bayani kafin a fara.

Ta ɗaya gefen kuma, wasan ɗalibai yakan taɓa hukuma, kamar yadda wasan gauta da tashe suka saba kwaikwayon manya tun zamanin da. Shugaban shiri zai sami matsi daga sama a kan ya cire wani abu. Zai kuma saurari malaman addini da iyayen ƙasa, musamman ma tun da Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Abin da zai kare shi shi ne rubutacciyar ƙa'ida da majalisar jami'a ta amince da ita tun kafin rigima ta taso: a hana batsa da cin mutuncin wani da sunansa, a bar sukar halaye da manufofi. Idan babu wannan ƙa'ida, kowane wasa sai an sake ciniki a kansa.

Kammalawa

Sabuwar jami'a a wuri kamar Babura tana da wata dama da tsofaffin ba su da ita yanzu, domin ba ta riga ta saba da wata hanya ba. Tana zaune a tsakiyar ƙauyuka, kusa da Daura da Kazaure, ba nisa da iyakar Nijar, inda har yanzu ake da masu gangar noma da masu kalangu da mata masu kiɗan ƙwarya. Yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in, domin gayya ta ragu, masu biki kuma sun koma hayar na'ura. Kasancewarta jami'ar fasaha ma taimako ne: ɗaliban lantarki da na kwamfuta suna iya riƙe sauti da haske da ma'ajiyar abin da aka naɗa, ya zama musu aikin gwaji.

Matakin farko ba ya buƙatar gini. Yana buƙatar mutum ɗaya da aka ba wannan aiki a rubuce, da ɗan gurbi a kasafi, da littafin da za a bi gunduma-gunduma a rubuta sunayen makaɗan da ke raye, ta hannun hakimai da dagatai da sarakunan makaɗa. Sarakunan da sun riƙe makaɗansu shekara da shekaru, shi ya sa waƙoƙinsu suka iso wannan zamani. Jami'ar da ta karɓi wannan matsayi za a auna ta da ma'auni iri ɗaya: ko makaɗin da ta gayyata ya koma gida da haƙƙinsa da mutuncinsa, kuma ko ɗalibin da zai zo bayan shekara 30 zai sami muryarsa a ajiye.