Notin Da Ke Ɓoye A Murfin Bawul

A Yeji, bakin Tafkin Volta, noti ɗaya kan hana jirgi fita ranar kasuwa. A irin injin da ake zuba wa baƙin mai daban, idan murfin bawul ya soma yoyo, dole a buɗe shi. To, notin can ƙasa, wanda hannu ba ya kaiwa, da shi ake farawa tun sauran suna ɗaure, don kada nauyi ya koma kansa.

Jama'a, a jiƙa shi da kananzir ya kwana. A sa soket mai kusurwa 6 da doguwar mariƙa, domin sifana tana cinye kan noti. A shimfiɗa tsumma, kada ya faɗa ruwa. Wajen mayarwa, a fara da yatsa: zaren alminiyom ba ya son ƙarfi.