Fas-fas ɗin salansa in an saki totur: abin da ke gaskiya da abin da ke zancen gareji

Yaro ya kai motarsa wajen mai walda, an yanke tukunyar salansar kamfani an maƙala wani ƙaton bututu. Daga ranar, duk lokacin da ya ɗaga ƙafa daga totur yana gangarowa kan shataletale, sai motar ta hau fas-fas kamar ana wasan nokawut. A gareji kuwa kowa malami ne. Wannan ya ce inji ya kusa bugawa, wancan ya ce ai ƙarfi ne ya ƙaru, wani ya ce a sauya filogi a huta.

Kafin a tantance maganganun nan, sai an san abin da ke faruwa cikin bututun. Ƙarar ba ta tashi sai abu uku sun haɗu a salansa: fetur da bai ƙone ba, iska, da zafi. Injin fetur ya fi jin daɗin ƙonewa in an auna masa iska kashi 14.7 da mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Da direba ya saki totur mota na cikin giya, ƙofar iska ta rufe, amma tayoyi na ci gaba da juya injin da sauri. Ɗan abin da ke shiga silinda yakan yi ƙaranci har tartsatsin filogi ya kasa kunna shi. Sai ya fice ɗanye, ya tarar da ƙarfe mai zafi da ragowar iska, ya kama a can.

To, batun cewa inji zai buga, yawanci ba haka ba ne. Ɗan fas-fas mai laushi a motar da aka buɗe wa salansa ba ya nuna fistin ko bawul sun lalace. Abin da ya cancanci a tsorata da shi dabam ne: tari ta gaba, wato wuta ta koma ta kafireta ko ta akwatin iska, ko kuma ƙara mai ƙarfi haɗe da jijjiga da fitilar inji tana ƙiftawa a dashbod. Wannan a tsaya a duba lokacin wuta da bawuloli, kada a ce sai gobe.

Cewa sabon salansa ne ya kawo ƙarar, rabin gaskiya ce. Sau da yawa ƙarar tana nan tun asali, tukunyar kamfani ce ke haɗiye ta. Akwai kuma abin da makanikanmu ke kira indomi, wannan saƙar mai ƙananan ramuka da aka shafa wa ƙarafa masu tsada irin su filatinam domin ta ƙone ragowar mai a hankali. Wasu kan fasa ta su cire su sayar, wani lokaci ma mai motar bai sani ba. In babu ita, man da za ta cinye shiru sai ya fashe da ƙara. Zancen da ke biyo baya, wai inji na buƙatar salansa ya ɗan toshe kafin ya ja, wannan ƙarya ce. Toshewa ba ta ƙara wa inji komai.

Inda ni nake ganin an fi yin asara shi ne wajen magani. Da an ji ƙara sai a ce mai ya yi kaɗan, a buɗe shi. A tsohuwar mota mai kafireta, ɗan juya sukurun mai na silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, yakan rage ƙarar, gaskiya ne. Amma kafin a taɓa mai, a nemi ɓula. Hayaƙi ba ya fita a miƙe kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma tsakanin bugu da bugu bututun yakan zuƙo iskar waje ta duk wata kafa da ya samu. Gasket ɗin manifol da ya ƙone, kusoshin da ba a ɗaure da kyau ba, walda mai rami, duk ƙofofi ne. Idan ɓular tana gaban sensar da ke auna iska a hayaƙi, abin ya zama biyu: sensa ta gaya wa kwamfutar mota, wadda ake ce wa biren bos, cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Ga iska ga mai, sai ƙara ta ninku, man tanki kuma yana saurin ƙarewa. Gane ɓula ba wuya. A tada injin da sanyin safiya a saurari ƙas-ƙas kusa da kan inji wanda ke raguwa in ƙarfe ya ɗumama, a kuma duba baƙar toka a mahaɗar bututu.

Filogi sai in shi ne ke yanke wuta sauya shi zai yi amfani. Sayen fetur mai tsada ko zuba magani a tanki ba ya rufe rami.

Motoci masu nozul an tsara su su yanke mai gaba ɗaya in an saki totur inji na gudu, su mayar da shi in gudun ya sauko kusa da silo. Babu mai, babu fashewa. Shi ya sa a motar da aka taɓa wa kwamfuta, gyaran na gaskiya a can yake: a sa ta yanke man da wuri, ta yanke shi duka, kuma a dawo da lokacin tartsatsi inda kamfani ya ajiye shi.

Saura masu cewa ƙarar alamar ƙarfi ce. Kamfanoni ma sun san samari na son ta. Jaguar F-Type da ta fito a 2013 da Ford Focus RS ta 2016 da gangan aka sa su yin ta, ta hanyar barin ɗan mai yana zuba tare da jinkirta tartsatsi don ya ƙone a salansa. Ƙarfin doki ko ɗaya ba ta ƙarawa, domin a lokacin da take tashi ƙafar direba ma ba ta kan totur. In an wuce gona da iri a garejin unguwa, zafin yana narkar da indomi, ya gajiyar da tobo da bawulolin fitar hayaƙi. Ga kuma unguwa da dare, inda ba kowa ke iya bambance salansa da bindiga ba.

Don haka mai mota, ka fara da ɗaure kusoshi da sabon gasket, ka tabbatar indomi na nan, sannan a jona na'ura a karanta abin da kwamfuta ke cewa. In makaniki ya kama sukurun mai bai leƙa ƙarƙashin motar ba, ka ce masa ya dakata.